Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Koyar Da Wasan Lema A Tekun Legas: Wa Ke Da Ikon Cewa A Sauke?

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Matakan Kariya ta Jihar Legas, da Shugaban Hukumar Hanyoyin Ruwa ta jihar, wato LASWA.

Ranku ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a? Allah ya taya ku riƙo.

Ni tela ne. Shagona yana Obalende, kuma a kan keken ɗinki na ƙare ƙuruciyata, daga kaftani sai babbar riga sai kayan 'yan makaranta. Shekarun baya wani mutum ya shigo da wata ƙatuwar jaka, ya zazzage abin da ke ciki, ya cika shagon har ya fita bakin ƙofa, ya nuna mini wata yaga ya ce ko zan iya ɗinke ta. Lema ce, irin wadda ake wasa da ita a teku. Na ɗinke, ta yi masa, ya gaya wa abokansa. Tun daga lokacin nake gyaran waɗannan lemomi, kuma ta wannan hanya na san wasan, na san masu yin sa da masu koyar da shi. Ban taɓa hawa ruwa ba. Amma duk lemar da iska ta yaga, idan aka shimfiɗa mini ita a tebur, yagar kan gaya mini abin da ya faru kafin mai ita ya buɗe baki.

Da yake takardar nan a buɗe take, kuma 'yan'uwana da yawa za su karanta ba su taɓa ganin abin ba, bari in kwatanta. Masu yin sa suna kiran sa kaitsafin, yaranmu na bakin ruwa kuma suna cewa wasan lema. Mutum zai ɗaura ɗamara mai ƙugiya a ƙugu, ya tsaya a kan wani ɗan allo a ruwa, lema kuma tana can sama, an haɗa ta da shi da igiyoyi huɗu ko biyar masu tsawon mita 20 zuwa 25. A hannunsa akwai sanda, da ita yake juya lemar hagu da dama. In ya jawo sandar jikinsa lema ta ƙara ƙarfi, in ya tura ta gaba ƙarfin ya ragu. Ba inji, ba birki, iska ce komai. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka yi rajistar irin lemar da ake hura wa iska a 1984, kuma a 2024 wasan ya shiga gasar Olamfik ta Faris, aka yi tserensa a tekun Marseille. Saboda haka ba na kallon sa a matsayin shirme, ba kuma na neman a hana shi. Ina cin abinci a gefensa.

Ba ni kaɗai ba. Duk wanda ya san bakin ruwan Legas, daga Tarkwa Bay zuwa gefen Lekki har Eleko, ya san akwai mutanenmu a wurin: masu ɗora baƙi a dawaki, masu tsire, masu rake da kwakwa, masu shayi, masu gadin bukkoki. Bayan an hana acaɓa a Eti-Osa da wasu ƙananan hukumomi biyar a watan Yunin 2022, samari da dama sun gangara bakin ruwa neman abin yi. Ɗan ƙanwata yana cikinsu. Ni na kai shi da hannuna wurin wani mai koyar da wasan, na ce ga yaro mai hankali, a ba shi aiki. Aikinsa hura lema da famfo, warware igiyoyi, riƙe lema a ɗaga ta idan ɗalibi ya ba da alama da babban yatsa, da tarbe ta idan ya dafa kansa yana son a sauke. Wannan kai shi da na yi bai bar ni na yi barci mai daɗi ba har yau, shi ya sa nake rubuto muku.

Wata Asabar ce a farkon damina. Na je kai wata lema da na gama gyarawa, na zauna a inuwar bukka ina jiran a sallame ni. Tun hantsi iska take kaɗowa daga kudu maso yamma, a natse, irin wadda masu wasan ke so. Akwai wani ɗalibi, magidanci ne mai jiki, ranarsa ta uku ke nan da fara koyo. Yana tsaye a kan yashi, lema mai faɗin murabba'in mita 12 tana samansa, malamin yana gefensa. Bayan la'asar sai gabas ta haɗe, ta yi baƙi ƙirin. Iskar da ake wasa da ita ta ɗauke ɗif, har lemar ta fara langaɓewa. Sai wani sanyi ya taɓo mu. Duk wanda ya taɓa noma a arewa ya san wannan sanyin, ya san lokacin kwashe shanya ne da kora awaki gida. Na ga masu dawaki sun fara jan dabbobinsu baya, mai tsire yana rufe kayansa da buhu.

Ɗan ƙanwata ya ruga wurin malamin, da guntun Turancinsa na bakin ruwa, ya ce: "Oga, hadarin nan da iska yake tafe, a sauke." Na ji da kunnena. Ɗalibin ya ce shi kuɗin kwana uku ya biya, yau ce ta ƙarshe, kuma bai ko taɓa ruwa da allo ba. Malamin ya dubi gabas, ya dubi ɗalibin, ya ce saura minti goma.

Ba a yi minti uku ba. Iskar ta zo a dunƙule, ta kwashi yashi ta watsa mana a ido. Lemar ta cika fam, ta fizgi mutumin nan ta ɗaga shi sama da tsawon mutum, ta maka shi a ƙasa, ta ci gaba da jan sa rub da ciki ta nufi bukkoki. Malamin yana ihu ya saki sanda, ya saki sanda, shi kuwa sai ƙara ƙanƙame ta yake yi a ƙirji. Haka kowane sabon ɗalibi yake yi. Wanda ake ja, abin da ke hannunsa yake riƙewa, kuma a wannan wasan riƙewar ita ke ƙara wa lema ƙarfi. Akwai yara uku suna wasa da yashi a gaban wata bukka. Ɗan ƙanwata ya sha gaban ɗalibin, ya cafki igiyoyin da hannu. Igiyoyin nan sirara ne, ba su kai kaurin tsinken tsire ba, amma kowace ɗaya tana ɗaukar ɗaruruwan kilo, kuma idan ta miƙe wuƙa ce. Suka datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, suka kayar da shi ƙashin kafaɗarsa ya karye. Ɗalibin ya daki ginshiƙin bukka ya karya hannu. Abin da ya tsayar da lemar shi ne bishiyar kwakwa da ta naɗe ta fashe. Yaran ba abin da ya same su, alhamdulillahi.

A asibiti, da zafin ya ɗan lafa, na ce masa: "Ɗana, ba an hana ka kama igiya ba?" Ya ce: "Kawu, na sani. Yara ne a gabansa."

Ranku ya daɗe, mutane da yawa sun zo mana jaje suna cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, mai kyau da marar kyau. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah, kuma a ranar ba wanda ya ɗaure komai. Hadarin bai ɓoye kansa ba. Kowa ya gan shi, har dawaki sun ji shi. Abin da aka rasa shi ne mutum guda mai ikon cewa a sauke, a kuma sauke ɗin. Wanda ya san iska, wato yaron, ba shi da iko. Wanda ke da iko, wato malamin, shi ne zai mayar da kuɗi idan ya tsayar da darasi. Wanda ya biya kuɗin kuma bai san abin da yake nema ba. Muddin haka abin yake, ranar irin wannan za ta sake zuwa, ko da malamin mutumin kirki ne. Kuma ni shaida ne, wannan malamin ba mugu ba ne.

Akwai wani lissafi da ya kamata a rubuta shi a allo a kafa a kowane wurin da ake koyarwa. Masu jirgin ruwa suna auna iska da abin da suke kira not, kuma not ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.8 a awa. Ana jin daɗin koyar da sabon ɗalibi a iska mai not 12 zuwa 20. To, idan gudun iska ya ninka, ƙarfin da take jan lema da shi ba ninkawa yake yi ba, ninki huɗu yake yi. Lemar da ke jan mutum a hankali a not 15, idan iska ta kai not 30, kamar an ɗaura masa lemomi huɗu ne a ƙugu. Shi ya sa gwanaye suke da lemomi girma daban-daban, babba ta sanyin iska, ƙarama mai mita 7 ko 9 ta ranar da iska ta yi ƙarfi. Amma hadari ba ya ba mutum lokacin sauya lema. Daga shiru zuwa tashin hankali, ƙiftawa da bismilla ne.

Kuma iskar Legas tana da halinta, wanda duk ƙa'idar da za a rubuta dole ta yi la'akari da shi. Gaɓar jihar nan, mai tsawon kusan kilomita 180, kudu take kallo. Yawancin shekara iska daga kudu maso yamma take zuwa, ta karkace ta nufo tudu, kuma wannan ita ce mafi sauƙin haɗari, domin wanda ya faɗi za ta turo shi gaɓa a hankali. Amma hadarin farkon damina da na ƙarshenta daga gabas yake tasowa, yana juya iskar gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Wanda ke kan yashi sai ta ja shi a tsawon gaɓa, inda jama'a da bukkoki suke. Wanda ke cikin ruwa tana iya yin tsakiyar teku da shi. Iskar hunturu ma, idan ta iso nan, daga tudu take fitowa ta nufi teku, ga hazo da ke hana a hango mutum daga nesa. Ruwan kansa ba tafki ba ne. Igiyar ruwan Legas tana da nauyi, tana da ja ta ƙarƙashi da ke kwashe ƙafar babban mutum, kuma waɗanda suka ga ambaliyar bakin ruwan Kuramo ta watan Agustan 2012 ba su manta ba. Sai duwatsun da aka jera cikin ruwa a gefen Lekki don tare zaizaya, da manyan katangun dutse na bakin tashar jiragen ruwa kusa da Tarkwa Bay, inda manyan jirage ke shiga Apapa da Tin Can. Ɗalibin da lema ta ja zuwa ɗaya daga cikin waɗannan, ba karaya za a yi magana a kai ba.

Bari in koma kan abin da ya biyo baya, domin rigimar ta fi haɗarin tsawo. Ɗalibin ya ce a mayar masa da kuɗinsa a kuma biya masa asibiti. Mai wurin ya ɗauko takardar da mutumin ya sa wa hannu ranar farko, wadda ta ce duk abin da ya same shi, shi ya jawo wa kansa. Malamin ya ce ɗalibin ne ya nace. Ɗalibin ya ce to in ya san lokacin tsayawa, me zai sa ya biya kuɗi a koya masa? A wannan gaɓar ina tare da shi, duk da cewa nacinsa na cikin abin da ya jawo mana. Sai aka shiga musun ƙarfin iskar. Wannan ya ce ba ta wuce not 20 ba, wancan ya ce ta kai 35. Aka yi ta rantse-rantse. Babu wanda ya auna. Ma'aunin iska na hannu bai fi girman wayar salula ba, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin lema ɗaya ba, amma babu shi a wurin. Babu littafin da aka rubuta ƙarfe nawa aka fara darasi, wace lema aka ba ɗalibi, nawa ne nauyinsa. Magana ta zama ta wa ya fi ƙarfin murya da wa ya fi sanin lauya.

A duk wannan cacar baki ba a ambaci yaron ba. Da na je na yi magana, sai aka ce mini ai shi ba ma'aikaci ba ne, ɗan taya aiki ne, kullum ake sallamar sa. Sunansa ba ya cikin kowace takarda. Kuɗin asibiti mu muka haɗa, ni da mahaifiyarsa da abin da jama'ar masallacin unguwa suka tara mana bayan sallar Juma'a, Allah ya saka musu. Daga baya ne wani mai ilimin shari'a ya fahimtar da ni cewa dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke kula da ita, ba ta ware ma'aikacin wucin gadi ba, ko da baki aka ɗauke shi aiki. Ko da na ji wannan, an riga an yi nisa, kuma ba mu da shaidar komai a rubuce. Yara nawa ne a bakin ruwan nan suka san da wannan doka? Masu ɗaukar su aiki nawa ne suka yi musu rajista?

Bayan mako biyu aka kawo mini lemar nan in gyara. Ta tsage daga bakin gaba har baya, bututun iskar ya fashe wuri biyu. Aka haɗo da sandar a jaka ɗaya. Na ɗauko ta ina dubawa. A inda sanda ke haɗuwa da ƙugiyar ɗamara akwai wani ɗan murfi, yawanci ja ne, wanda ake turawa gaba idan abu ya ɓaci. Ni nakan kira shi mabuɗin tsira. Matakan kuɓuta uku ne: ka saki sanda, in bai yi ba ka tura mabuɗin lema ta mutu ta rataya a igiya ɗaya, in har yanzu tana jan ka ka kwance igiyar ƙarshe ka rabu da ita gaba ɗaya. Na tura mabuɗin da hannu ɗaya, ya ƙi. Na sa hannu biyu, na dafe da gwiwa, sannan ya buɗe, yashi da gishiri suka zubo mini a cinya. Ina zaune a kujera ke nan, hankalina kwance, ba abin da ke jan na. Ko da mutumin nan ya tuna da shi a lokacin da ake jan sa a ƙasa, da wuya ya buɗu. Abin da kawai yake buƙata a ɗauraye shi da ruwan famfo bayan wasa, a gwada shi kafin a ɗaga lema.

Wannan ɗan murfin da rayukan mutane aka same shi. A 2002 wata gwanar wasan 'yar Jamus, Silke Gorldt, ta rasu a wata gasa a garin Zingst na ƙasarsu bayan lemarta ta harɗe da ta wani, suka ja ta, ta kasa kwance kanta. Irin wannan rashi ne ya sa masu ƙera kayan suka dage a kan mabuɗin da zai buɗu ko da igiya ta miƙe. A 2020 hukumar ƙa'idojin kaya ta duniya ta fitar da ma'auni na musamman a kansa, mai lamba ISO 21853. Akwai kuma ƙungiyar IKO, da aka kafa a 2001, mai cibiya a Cabarete ta Jamhuriyar Dominika, wadda ke horar da malamai tana ba su shaida. Na kawo waɗannan ne don in nuna ba sai kun ƙirƙiro komai daga tushe ba. An riga an share hanya, abin da ya rage a daidaita ta da iskarmu da ruwanmu.

Babban roƙona guda ne: a sa lamba. A rubuta ƙarfin iskar da in aka kai shi ba za a ɗaura wa sabon ɗalibi lema ba, a kuma rubuta cewa ganin hadari ko jin tsawa ya isa dalilin sauke kowace lema ta koyo nan take. A ganina not 20 ya isa iyaka ga wanda bai fara hawa allo ba. Amma ni tela ne. Ku tara malaman wasan, da jami'an LASWA, da masanan hukumar hasashen yanayi ta NiMet, su tsayar da lambar da ta dace. Ko nawa suka tsayar na yarda, in dai a rubuce take, an kafa ta inda ɗalibi zai gani, kuma akwai ma'auni a hannun malami da littafin da yake rubuta abin da ya auna kafin kowane darasi. Ranar da aka sami wannan, malami ya huta. Ba zai ƙara tsayawa yana lallashin mai kuɗi ba, sai dai ya nuna masa allo ya ce doka ce.

Lambar kuma ba za ta yi aiki ba sai an warware maganar kuɗi, domin a nan gizo ke saƙar. A wajabta wa kowane mai koyarwa ya rubuta a takardar yarjejeniya cewa darasin da iska ta hana, ko dai a ɗaga shi zuwa wata rana, ko a mayar da kuɗin sa'o'in da suka rage. Ɗalibi ya san haka tun kafin ya biya. Da akwai wannan layi ɗaya a takardar da mutumin nan ya sa wa hannu, ina kyautata zaton ba zai nace ba, malamin ma ba zai ce saura minti goma ba. Idan kuma an sami saɓani, a rubuta a ƙasan takardar inda za a kai kuka. Jihar nan tana da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta LASCOPA, tana da cibiyar sasanta jama'a da ke yin sulhu kyauta, amma mu a lokacin ba wanda ya nuna mana ƙofarsu.

Na san abin da wasu malamai za su ce, domin sun faɗa mini a shago. Za su ce iska mai ƙarfi amma tsayayya ta fi iska marar ƙarfi mai fizga aminci, kuma da ƙaramar lema da gajerun igiyoyi ana iya koyarwa a not 25 lafiya lau. Akwai gaskiya a ciki. Fizga ce ke kashe mutum, shi ya sa zan so ƙa'idar ta duba tazarar da ke tsakanin iskar da ke kaɗawa da mafi ƙarfin bugunta, ba lamba ɗaya kawai ba. Amma ita doka ba don malamin da ya fi kowa ƙwarewa ake yin ta ba, don wanda ya gaji ne, wanda bai sami ɗalibi ba mako biyu, wanda kuɗin haya ke bin sa. Za su kuma ce ranakun iska mai kyau a Legas ba su da yawa, in aka rage musu sun shiga uku. Wannan ma na ji shi, domin in ba su yi aiki ba ni ma ba na samun gyara. Sai dai rana ɗaya irin waccan Asabar ta kori ɗalibai fiye da yadda kowace doka za ta kora. Gwanayen da suka mallaki kayansu, suka san abin da suke yi, ba da su nake ba. A bar su su hau iskar da suke so, in dai sun nisanci masu wanka.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Wanda LASWA ta hana ya shiga kwalekwale ba rigar ruwa, bai kamata a bar shi ya shiga teku ɗaure da lema ba rigar ruwa da hular kwano ba. A ware filin koyo, a sa tuta, kada a sami bukka ko doki ko yaro a gefen da iska ke turawa har tsawon igiya biyu, kimanin mita 50. Inda ake shiga da ɗalibi ruwa, a sami jirgin ceto mai inji a kusa, da wanda ya iya taimakon gaggawa, domin lambobin 112 da 767 suna da amfani, amma daga bakin wasu rairayin zuwa titi tafiya ce. Kada ɗalibi ya taɓa babbar lema sai ya tura mabuɗin tsira sau da yawa a gaban malami, har hannunsa ya saba ba sai ya yi tunani ba.

Sai maganar yaranmu, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Ina roƙo duk wanda zai sami izinin koyarwa, a sa ya rubuta sunayen masu taya shi aiki, ya koya musu aikin yadda ya kamata, ya ba su safar hannu da wuƙar yanke igiya, ya sa su cikin inshorar da ta rufe ɗalibai. A kuma rubuta ƙarara cewa mai ɗaga lema yana da ikon ƙin ɗagawa, kuma idan ya ce a sauke, a sauke tukuna sannan a yi musu, ba tare da an kore shi ba. Idan za a buga waɗannan ƙa'idoji, a buga da Turanci da Yarbanci da Hausa, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatun boko ba. Sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin masu dawaki za su tara muku mutane cikin yini ɗaya in kuka nema.

Ku kuma 'yan'uwana da ke aiki a bakin ruwa, in takardar nan ta iso ku: kada wanda ya kama igiyar lema da hannu, ko me ake ciki. Lemar kanta ake kamawa, ta bakin gaba mai kumburi. In kun ga gabas ta haɗe, ku janye yara da dabbobi daga gaban masu lema tun kafin a ce muku. Kuma duk wanda zai ɗauke ku aiki, ku nemi ya rubuta sunanku, ko a takarda ko a saƙon waya.

Yaron yana gida yanzu. Kafaɗar ta haɗe, amma hannun bai iya riƙe abu da ƙarfi ba tukuna. Na zaunar da shi a shago yana koyon sa maɓalli da guga da hagu. Lemar kuwa na ɗinke ta tsaf, tana nan a naɗe a ƙarƙashin tebur. Na gaya wa mai ita ba zan ba da sandar ba sai ya kawo sabon mabuɗi na gani. Tsohon na ajiye shi yadda yake, da sauran yashinsa a ciki. In kun turo jami'i, ko kun kira zama, zan zo da shi, in zo da yaron, a ba kowa ya gwada turawa da hannu ɗaya.

Allah ya ba ku ikon dubawa. Na gode.

Naku,
Wani tela mai gyaran lema,
Obalende, Legas.